Rufin Kwanon da Ke Cikin Madubi

A kamfanin bas babu mai kiransa da sunan yankansa. Agogo ake ce masa, tun daga manaja har masu wankin mota. Shekara ashirin da biyu yana jan layi ɗaya, daga tashar tsakiyar gari zuwa ta ƙarshe, minti hamsin da uku zuwa, minti hamsin da uku dawowa, sau biyar a wuni, kuma ba a taɓa rubuta masa latti ba. Bai san ciwo ba, bai san hutu ba. In abokin aiki ya kwanta rashin lafiya, shi ake kira ya ɗauki ranar, ya kuwa ɗauka.

Ranar Litinin aka yi awon lafiya na shekara. Nas ɗin kamfani ta naɗa masa abin awon jini a damtse, ta duba, ta kwance, ta sake naɗawa. Sannan ta miƙa hannu ta ce ya ba ta katinsa na tuƙi.

Ɗari da tamanin da biyar, in ji ta. Dokar kamfani kuwa ta ce wanda ya kai ɗari da sittin ba ya riƙe sitiyari da mutum saba'in a bayansa. Ta jefa katin a aljihun tebur, ta ba shi ƙwayoyin magani, ta ce ya je gida kwana uku ya dawo Juma'a. In jinin ya sauka, ga katinsa. In bai sauka ba, akwai gurbi a bakin get, wurin ɗaga wa motoci ƙarfe.

"Sista, ni fa lafiyata ƙalau."

"Duk haka kuke cewa, Baba. Yaushe rabonka da hutu?"

Ya ce ai yana barci. Ta ce ba barci ta tambaye shi ba.

Ya san gurbin nan na bakin get. Direbobi biyu ya gani an kai can, kuma ya ga yadda suke bin kowace bas da kallo har ta sha kwana.

Talata da asuba ya tashi, ya sa rigar aiki, har ya ɗaure takalmi kafin ya tuna. Ya zauna a bakin gado hannuwansa a kan gwiwa, yatsun a lanƙwashe kamar suna riƙe da wani abu. Da gari ya waye ya kwance famfon kicin wanda babu abin da ya same shi, ya mayar, famfon ya fara ɗiga. Matarsa tana ɗinki a ɗakin gaba, kayan mutane jibge a kan kujera. Ya tsaya a kanta ya sanar da ita cewa minti goma sha ɗaya take yi a kan hannun riga ɗaya, kuma da za ta daina tashi neman almakashi da tara sun isa. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da ɗinkinta.

Da yamma ta fito da abin awon da 'yarsu ta aiko tun bara, wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba. Ɗari da tamanin da tara. Wunin hutu guda ya ƙara masa huɗu.

Laraba da safe ta same shi yana jera mata zare daga mai duhu zuwa mai haske.

"Maigida, don girman Allah fita. Ko'ina ne. In ka ƙara wuni a ɗakin nan, mu biyu za a kai wa nas."

Ya fita ba da niyyar ko'ina ba. Ƙafafunsa ne suka san hanya. Kafin ya ankara yana tsaye a inda fasinjojinsa suke tsayawa, ga bas ɗinsa tana tahowa, lattin minti biyu da rabi. Gajere ne a sitiyari, wanda suka shiga aiki shekara ɗaya, mutumin da sai ya ɗora matashi biyu kafin ya hango hanya.

Gajere ya buɗe ƙofa ya yi dariya har da buga sitiyari. Ya tambaya ko an kori mutum daga gida ne, ko kuwa kishiyar matar aka zo dubawa, yana nufin motar. Agogo ya ce masa ya makara. Ya zauna a kujerar da ke bayan direba.

Ba su kai danja ta biyu ba ƙafarsa ta dama ta taka birkin da babu. Ta sake takawa a shataletale. Bakinsa ma bai zauna ba: ga rami, ga mai keke, sigina fa, wannan giyar ba ta nan ba ce. Wata mata da kwando a cinya ta tambayi na kusa da ita ko sufeto ne. A tsayawa ta biyar Gajere ya ja birkin hannu, ya juyo gaba ɗaya.

"Ko dai ka koma kujerar ƙarshe, ko ka sauka. Jinina ɗari da talatin ne, kuma a haka nake son sa."

Fasinjoji suka yi dariya. Agogo ya bi tsakanin kujeru har can baya, ya zauna jikin taga. Daga nan ba a ganin hanya, ba a ganin madubi. Babu abin da zai yi da idanunsa, sai ya ɗaga su.

Direban bas yana da allon kare rana a saman gilashinsa, kuma abin da ke sama da allon ba aikinsa ba ne. Duniyar Agogo daga kwalta take farawa ta ƙare a tsayin danja. Ya san kowane rami, kowane murfin kwata, kowace kwanar da yara suke ɓullowa a guje. Ya san mutane ta ƙafafunsu da hannun da suke ɗagawa. Da an tambaye shi, da ya rantse babu wanda ya san layin nan kamarsa.

Ashe shagon mai burodin nan da ya sani ta ƙofarsa yana da hawa huɗu a kai. A hawa na uku wata tsohuwa tana ba shuke-shuke ruwa a gwangwanaye, sun zubo har sun rufe tagar maƙwabta. Gaba kaɗan, a kan rufin wani gini, bishiya ce sosai, mai rassa, ba a san ta inda ta samu ƙasa ba. Tsohon ginin gidan waya yana da tsuntsaye na dutse a jere a ƙarƙashin rufinsa, fukafukai a buɗe, wani ya zauna ya sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya don mai ɗaga kai. Bayan gada, a wata baranda, wani mutum a keken guragu ya ɗaga hannu daidai lokacin da bas ta zo wucewa. Ba tsayar da ita yake ba. Gaisuwa ce, kuma daga yadda ya sauke hannun ba tare da jiran amsa ba, ka san ya daɗe yana yi.

Agogo ya ɗaga nasa hannun, amma sun riga sun wuce.

Tashar ƙarshe fili ne a kan tudu: rumfar fasinja, ban-ɗaki, da doguwar katanga da ta fi mutum tsayi. Ƙa'ida ita ce a shiga da ribas, bayan mota ga katanga, hanci ga hanya, don in minti bakwai ya cika a fita ba juye-juye. Cikin minti bakwai ɗin nan direba zai cike takarda, ya zaga ban-ɗaki, ya kurɓi ruwa. Saboda haka Agogo bai taɓa fuskantar katangar daga kan kujerarsa ba. A madubi kawai ya san ta, lokacin da yake auna tazara kada ya daka. Madubin bas yana sama, ya ɗara katangar kaɗan, kuma a can ƙololuwarsa kullum akwai wani siririn layi mai ƙyalli, daga wannan gefe zuwa wancan. Tun makonsa na farko ya yanke cewa rufin kwano ne na wani ƙaton sito. Shi ya koya wa sababbin direbobi: in ka ga kwanon ya cika saman madubi, taka birki, ka iso. Har suka koma ce wa wurin tashar kwano. Wata shekara ya shigo ofis ya ce masu siton nan sun yi wa rufinsu shuɗin fenti, aka ce lallai suna da kuɗi. Da yamma yakan ga ya yi ja, ya ce tsatsa ta fara ci.

Gajere ya shiga da ribas, ya tsaya nesa da inda ya kamata. Agogo ya sauko don ya nuna masa tazarar da ya bari. Yana tsaye yana aunawa da taki ya ji ƙofa ta rufe. Gajere ya leƙo ta taga ya ce bas ta gaba tana nan tafe bayan minti arba'in, direbanta kuma kunnensa ba ya ji sosai, za su dace. Ya taka totur.

Fili ya zama wayam. Fasinjoji sun bi hanyar unguwarsu. Babu kowa sai Inna mai shara, wadda shekaru yana ɗaga mata yatsu biyu daga kan sitiyari amma bai taɓa jin muryarta ba. Ta jingine tsintsiya ta gaishe shi, ta tambayi jiki, don labari ya riga ya iso. Ya amsa a gajarce. Ya zauna a rumfa, ya tashi, ya duba agogon hannunsa. Saura minti talatin da bakwai. Don dai ya kashe ɗaya daga ciki ya tambaye ta me ake ajiyewa a siton nan na baya.

Ta ce wane sito.

Ya ce mai dogon rufin kwanon nan, bayan katanga.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta duba katangar, ta sake dubansa, kamar mai son tabbatarwa ba zolayarta ake yi ba. Sannan ta ɗauki ƙullin abincinta ta ce, "Zo, ɗan nan."

Bayan ban-ɗaki akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe da aka ɗaure da waya. Ta warware wayar ta tura da kafaɗa. Ya sunkuya ya bi ta.

Ƙasa ta ƙare a gabansa. Matakala ta siminti ta gangara cikin ciyawa, ciyawar ta gangara, daga nan sai ruwa. Ruwa zuwa dama har inda ido ya gaza, ruwa zuwa hagu har ya shige bayan wani tsauni. Can gaba, da nisan da bai san ido yana iya kaiwa ba, wasu duwatsu sun yi shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi, ba ka ce ga inda ruwan ya tsaya sama ta fara ba. Iska tana tafiya a kansa, kana ganin sawunta, nan ya yi duhu, can ya yi fari kamar an watsa gilashi. Inuwar girgije guda, wadda ta isa ta rufe unguwa, tana ratsawa a hankali ba ta damu da kowa ba.

Ya tsaya kamar an dasa shi. Idonsa ya saba da mita hamsin, ya saba neman abin da zai faɗo masa a gaba. Nan ya nema ya rasa. Babu mai tsallakawa, babu mai tsayar da shi. Sai da ya dafa katangar.

"Subhanallahi," ya ce, can ƙasa.

Daga wani tsibiri na ciyawa fararen tsuntsaye suka tashi. Ya zaci goma ne ko ashirin, sai tsibirin gaba ɗaya ya ɗaga, ashe farin da ya ɗauka duwatsu ne duk su ne. Suka yi sama a dunƙule, suka juya lokaci guda kamar an kaɗa mayafi, suka bi ta kansa. Ya ji ƙarar fukafukansu. A nan ya gane cewa akwai wani gurnani a kunnensa, na inji, wanda yake kwana da shi yake tashi da shi, kuma yanzu ne ya ji shi don babu abin da ya rufe shi. Ya saurara. Gurnanin yana ja da baya.

Inna ta riga ta zauna a matakala ta uku tana kwance ƙullinta. Ta ce ai ruwan da yake sha a famfo ke nan. Ya ce ya san akwai madatsar ruwa, kowa ya sani, amma tana can wajen gari, tafiyar awa ɗaya da rabi ce ta babbar hanya.

"Ta mota ke nan," in ji ta. "Ta ƙafa taki arba'in ne."

Ta tambaye shi shekararsa nawa a layin. Ya faɗa mata. Ta tauna abincinta ta haɗiye kafin ta yi magana.

"Kai ma dai. Sau biyar a wuni ka zo har bakinsa, ka juya masa ƙeya."

Ya sauka matakala biyu ƙasa da ita ya zauna. Ya yi ta neman daidai wurin da yake gani a madubi, har ya samu: can tsakiya ne, inda rana take bugawa. Shuɗin fenti. Tsatsa. Dariya ta taso masa, ya bar ta ta fito ta hanci.

Ya ji bas ta gaba ta shigo, ya ji ƙarar ribas, ya ji an ja birkin hannu. Jikinsa ya fara ƙirga minti bakwai da kansa. A na biyar cinyoyinsa suka ɗaure za su tashe shi. Wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, bai motsa ba tun zuwansu, Agogo ya ce bari dai ya ga ko zai kama wani abu. Bas ta tashi. Zalɓen bai kama komai ba, bai kuma nuna abin ya dame shi ba.

Inna ta koma shararta. Rana ta ɗumama simintin. Ya jingina da matakalar sama, ya ga hannuwansa a kan ciki, yatsun a miƙe. Da ya farka ruwan ya zama ja, inuwar katanga ta rufe shi, bai ma san bas nawa suka zo suka tafi ba.

A gida matarsa ta tsayar da keken ɗinki ta tambaye shi ina ya shiga tun safe. Ya ce, "Maman yara, ashe ba kwano ba ne." Ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Alhamis ya ce ta sa mayafi. Ta nuna masa kayan da ke kan kujera, riguna uku na mutane da ta yi alkawarin gobe. Ya ce ya auna, minti goma sha ɗaya ne hannu, za ta gama su gobe da safe. Ta harare shi, amma ta lulluɓe keken. A bas suka zauna baya, ya nuna mata bishiyar kan rufi, kuma tun kafin gada ya shirya hannunsa. Mutumin baranda ya ɗaga nasa, ya ga an amsa, hannun ya tsaya a sama har suka sha kwana.

Suka isa bakin ruwan. Ta cire tabarau ta sa a jaka, ta cire takalmi. Ta daɗe tana murza wurin da tabarau yake zama a hancinta. Can ta ce rabon da ta kalli abin da ya fi tsayin hannunta nisa har ta manta. Da suka koma gida ya nemi abin awon, ta ce ta ɓoye, kuma ba za ta faɗi inda yake ba.

Juma'a nas ta naɗa masa abin a damtse. Akwai agogon bango a bayanta, dogon hannunsa yana tsalle. Tara da minti huɗu: yanzu Gajere yana shataletale, in bai makara ba, kuma ya makara. Abin ya matse, ya saki. Ɗari da sittin da takwas.

Ta ce ya sauka sosai, amma bai kai ba. Ta jawo wata takarda mai ruwan ɗorawa, wadda ya san ta bakin get ce. Ta ce doka ta ba da awo biyu, in yana so a sake bayan minti biyar.

Ya ce yana so. Ya tashi ya juya kujerar, ya ba agogon baya.

Ta tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya. Ya rufe ido. Da farko madubi ne ya zo masa, da siririn layin nan a sama. Ya bi ta 'yar ƙofar, ya sauka matakala. Bai ƙirga komai ba. Inuwar girgije tana tsakiyar ruwa lokacin da ya ji abin ya matse hannunsa.

Ɗari da hamsin da shida.

Nas ta duba lambar, ta dube shi. Ta mayar da takardar ɗorawa inda ta ɗauko ta. Ta buɗe aljihun tebur ta fito da katin, amma ba ta sake shi nan take ba. Wata uku ne kawai, in ji ta, sannan ya dawo. Ranar hutunsa tasa ce, in ta ji ya ɗauki ranar wani za ta karɓe katin da hannunta. Kuma kada ya bar ƙwayoyin, ga shi sun fara aiki.

Bai musa mata ba. Ƙila ƙwayoyin ne.

Litinin ya shiga tashar ƙarshe da ribas kamar kullum. Layin ya cika saman madubi, ya taka birki. Ya cike takarda a minti ɗaya, ya sauka, ya zaga bayan ban-ɗaki ya warware wayar. Taki arba'in zuwa, arba'in dawowa. Abin da ya rage masa minti uku ne, ya tsaya a matakala ta farko ya kashe su. Ranar ruwan toka-toka ne, kwance lumui, wani mai kwale-kwale ɗaya yana can tsakiya kamar ƙwayar gero.

Da yamma mai rubuta lokutan fita ya tare shi a ofis da takarda a hannu. Ya ce ƙila na'urar ce ta samu matsala, don ta nuna Agogo ya bar tashar kwano da lattin minti ɗaya.

Agogo ya ce na'urar lafiyarta ƙalau. Ya sa hannu a takardar. Sannan ya tambayi Gajere, wanda ke gefe yana tattara matasan da yake ɗorawa a kujera, ko ya taɓa sanin me ake ajiyewa a siton nan.